Rigar Gabu

Mushe Abarshi ya shigo aji da kwalin sabulu,
ya warware shi bisa tebur kamar mai fiɗar akuya.
Ya ce, ku duba, fuska shida gare shi,
da kunnuwa huɗu masu shigewa ciki su yi shiru.
Wanda ya naɗe wannan ba ku san shi ba,
amma hannunsa ya riga naku zuwa kanti.

Mu ƴan kwaleji ne a Tawa,
mun saba yaga takarda mu yar,
ba mu taɓa tambayarta daga ina take ba.
Ranar muka koyi awo da ninki da bakin almakashi.
Ilu ya yanke yatsa, jini ya ɗiga a kwalinsa,
Cima ta ce, bar shi, ja yana kiran ido.

Asabar aka raba mu unguwa-unguwa,
rabonmu ya faɗa Wadata.
Da buhu da tsinke muna tsince leda
daga ƙayar aduwa, daga bakin magudana.
Baƙar leda ta yi wa itace ganyen da bai roƙa ba.
Na cika buhu biyu, bayana ya fara zagina.

Nan muka iske Inna Tamo a ƙofar gida,
ta daka albasa, tana dunƙula gabu,
tana jera shi a tabarma, rana na ƙarasa mata aiki.
In za ta kasuwa takan ƙulla shi
a irin ledar da ke cikin buhunmu.
Cima ta zungure ni da gwiwar hannu.

Mako biyu muna ɗinka wa gabu riga.
Kwalin taliya muka roƙo a kanti,
na zana albasa, Ilu ya ce tulu ne,
muka rubuta suna da Faransanci, da lanƙwasa,
muka sa leda ciki, muka liƙe baki da kyandir,
ko iska ba ta ga hanya ba.
Mushe ya ba mu sha shida bisa ashirin.

Muka kai mata muna ɗaga kafaɗa.
Ta juya shi, ta kai hanci,
ta daɗe.

Ta ce, ƴaƴana, kun toshe masa numfashi.
Mai sayen gabu da hanci yake ciniki.
Kwana uku a nan ciki
zai yi gumi, ya yi hunhuna, ya ba ni kunya.
Wannan rubutu kuma wa yake gaisarwa?
Ni ban san shi ba, shi bai san ni ba.

Muka dawo ba mai magana,
takalmin Ilu kaɗai ke surutu.
Litinin muka faɗa wa Mushe.
Ya rufe jan alƙalaminsa, ya sa aljihu,
ya ce, an tashi ku kai ni wurinta.

Sai muka cire leda, muka ɗauki ƙusa,
huda bakwai a kowace fuska.
Sunanta da Hausa, boko a sama, ajami a ƙasa.
Maimakon albasata mai kama da tulu
na zana turminta,
wanda ya tsage aka ɗaure masa wuya da fata,
duk Wadata an san turmin nan.
Ta gan shi, ta yi dariya har ɗankwali ya zame.

Lahadi a kasuwa muka tsaya nesa muna leƙe.
Wani dattijo ya ɗauka, ya shinshina ta huda,
ya ajiye,
ya wuce har layin masu gishiri,
ya dawo ya sayi uku.

Da yamma ta ba kowa dunƙule ɗaya.
Na jefa nawa a jaka na manta.
Yau wata guda, littafin lissafina
in na buɗe shi, miya ajin ke tunawa.